Mai zanen gini da fulotinka

Ranar farko da za ka je wurin mai zanen gini, kada ka yi zaton zai fara da zane. Tambaya zai fara: "Alhaji, nawa ka ware?" A nan hira kan mutu. Kai ka zo da hoton wani katafaren gida na Dubai a waya, fulotin kuwa ƙafa 50 ne a 50, kuma kana son falo biyu, sashen uwargida, da ɗan wurin da amarya za ta shiga in Allah ya hore.

Zai zana, ka kai gida. Hajiya za ta duba sau ɗaya ta ce kicin ɗin ya yi kama da akurki. A koma. Kowane gyara da kuɗinsa, zuwa duba aiki ma ba kyauta ba ne, ga takardar izinin KNUPDA in a Kano kake.

Sai kuma birkila, wanda zai juya takardar sama ƙasa ya ce, "Oga, wannan rodin ya yi yawa, rabinsa ma ya isa." Don Allah kada ka biye masa, ba shi zai kwana ƙarƙashin dakin ɗin ba.