Ragon Layya Ya Dawo Ta Bututu

Na hango ku. Tun ban ce uffan ba Malam mai shakka ya gyara zama, ya tura hula gaba, ya ce, "Yau kuma marubucin namu ya rasa abin rubutu sai kwata?" To, eh, kwata. Ku bar ni da kwatata. Wanda bai taɓa tsayawa a kicin ƙarfe goma na dare ba, ruwan wanke-wanke ya cika kwami fal ya ƙi wucewa, ƙwayoyin shinkafa da ɓawon albasa suna yawo a kai kamar masu zaman majalisa, ba shi da bakin yi mini dariya.

Ni abin ya same ni a Disambar bara, cikin muku-mukun sanyi. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah." Na je na gani. Na kuma yi abin da kowane magidanci mai ji da kansa yake yi: na ɗora laifin a kan wanda ya haɗa mana famfon gidan, na ce tun farko aikin algus ya yi. Kwana biyu ina faɗa ni kaɗai kafin na kira wani mai gyaran famfo. Bawan Allah bai ce komai ba. Ya durƙusa, ya tura bokiti ƙarƙashin kwamin, ya murɗe wancan lanƙwasasshen bututun da hannu, ya zura yatsa ya zaro wani abu fari-fari mai ruwan toka, da tauri kamar sabulun da ya shekara a kan taga, da wari wanda har yau in na tuna sai na toshe hanci. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Alhaji, raguna nawa ka yanka da Sallah?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ban gyara masa ba. Kunya ta hana.

Yanzu ga Hajiya can ta ɗaga hannu: "Kai Malam, wane irin rago? An yi layya farkon damina, bututu ya toshe a Disamba, ka ce rago ne? Fatalwarsa ce ta dawo?" Hajiya, ki yi haƙuri, kusan haka ne. Kitsen rago da na saniya ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 40. A cikin kaskon suya ruwa ne tsululu, kina iya rantsewa ba zai taɓa daskarewa ba. Amma da kin ɗauraye kaskon kin tuttule a kwami, kafin ya yi tafiyar taku uku cikin bututu ya huce, ya manne a bango. Lokacin zafi yana nan da ɗan laushi, ruwa yana samun hanya ta tsakiya. Kullum ana ƙara masa: maiƙon miya yau, romon ganda gobe, ɗan ƙanzon tuwo, ganyen shayi, gashin soso. Sai hunturu ya shigo, daren Kano ya sauka ƙasa da digiri 15, sai duk abin ya ƙame. Ki dubi galan ɗin manjanki a irin wannan lokaci, yadda sai kin kai shi rana ko kin tsoma shi a ruwan zafi kafin ya yarda ya zubo. To abin da ke cikin galan, shi ke cikin bututu, sai dai shi bututu ba mai kai shi rana. Faɗinsa kuma inci ɗaya da rabi ne kawai.

"To ai da sauƙi," in ji Malam mai shakka. "A tafasa ruwa a sheƙa." Na san za ka faɗa, don ni ma na sheƙa. Tukunya biyu. Kakanninmu dai sun hana zuba ruwan zafi a rariya ba tare da bisimilla ba, kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye, kuma na yi bisimillata, ban tsokani kowa ba. Amma akwai wani wanda ake ƙonawa da ba a ambata ba, shi ne bututun kansa. Farar robar PVC da ke yawancin gidajenmu ba a yi ta don zafin da ya wuce wajen digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa 100 ne. In hanya a buɗe take ruwan ya wuce da sauri, da sauƙi. In a toshe take, sai ya zauna a wurin yana dafa robar, mahaɗa ta saki, gam ya ɗaga, ka wayi gari da toshewa da yoyo gaba ɗaya.

Ko da ma bai ɓata komai ba, ruwan zafi ba ya kashe kitse. Tashinsa yake yi daga barci. Ya narke, ya yi gaba kamu biyar ko goma, ruwan ya huce, ya sake kwanciya. Da yana ƙarƙashin kwami inda hannunka zai kai. Yanzu ka raka shi cikin bango, ko ƙarƙashin tayil ɗin da ka saya da tsada. Ka yi masa canjin gida kyauta, har da kuɗin mota.

Ga kuma 'yan zamani, masu kallon bidiyo a waya. Ɗiyar ƙanwata ta zo da nata ilimin: "Kawu, bakar hoda ta soda da ruwan khal ake zubawa, ka ga yadda yake kumfa!" Na gani, 'yata, kumfa kam ya yi, har da ƙara shuuu mai daɗin ji. Sai dai ɗayan tsami ne, ɗayan kuma ɗan'uwan kanwa ne, kuma tun kafin a haifi mai bidiyon Bahaushe ya san kanwa ita ke kashe tsami. Su biyun faɗa suke yi da juna, su kashe juna, su bar iska da ruwan gishiri-gishiri. Kitsen yana gefe yana kallon dambe. Masu cewa a zuba lemon kwalba kuwa, ku miƙo mini in sha, ya fi amfani.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jarumin unguwa, mai cewa, "Ku kauce, a kawo soda." Wato kastik soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. A nan kam ba zan musa ba, tana cin kitse. Amma ku tsaya ku yi tunani: in aka haɗa soda da mai, me ake samu? Sabulu. Sana'ar ke nan da iyayenmu suka daɗe suna yi da ruwan toka, har Inyamurai ma in sun kaɗa manja da kanwa ya yi kauri suna kiransa da sunan da suke kiran sabulu. To in sodar ba ta isa ba, ko ba a bi ta da isasshen ruwa ba, ka buɗe masana'antar sabulu a cikin bangon gidanka, sabulun da ba mai wanka da shi, kuma ya fi kitsen farko tauri. Ban da haka tana zafi da kanta in ta haɗu da ruwa, tana cin fata, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, tana kuma cin tukunyar alminiyam. In dole sai ka yi, sa safar hannu ta roba da tabarau, ka zuba sodar cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, kada ka zuba ruwa a kanta, ka kori yara. In kuma ta gaza ka kira mai gyara, don girman Allah ka faɗa masa abin da ka zuba kafin ya kwance bututun a saitin fuskarsa. Ruwan batir kuwa, kada ma a fara. Haɗa shi da bilicin wanki yana ta da iskar kulorin, irin gubar da aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Kicin ɗinka ba fagen daga ba ne.

Na ji wani yana gunaguni daga baya: "Wannan duk ƙazantar mutanenmu ce, a Turai ba a haka." Zo nan kusa, ɗan'uwa, kai nake jira. A watan Satumba na 2017, a unguwar Whitechapel da ke gabashin Landan, ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water suka tarar da dunƙulen kitse a magudanar ƙarƙashin ƙasa, ya haɗe da ƙyallayen goge jarirai da kunzugu, ya zama kamar kankare. Nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, ka lissafa: ya fi tirela huɗu, ya kuma fi filin ƙwallo biyu tsawo. Makonni aka kwashe ana fasa shi da ruwa mai ƙarfi da shebur. Abin da ya fi ba ni dariya, a 2018 sai gidan tarihi na Landan ya ɗauki gutsurensa ya sa a akwatin gilashi, mutane suka riƙa zuwa kallo. Ni nawa dai a leda na ƙulle na kai bola, ban gayyaci kowa ba.

To me ke aiki? Abin da ba kwa son ji: hannu. Kwashe ruwan da ya taru da kofi. Sa bokiti a ƙasa. Wannan lanƙwasar da ke ƙarƙashin kwami, mai kama da wuyan raƙumi, an yi ta ne don ta riƙe ɗan ruwa ya tare wari da kyankyasai, kuma a nan kitse ya fi son kwana. Murfanta biyu da hannu ake murɗewa, ba sai da sifana ba. Ciro ta, ƙwaƙule da tsinke ko tsohon cokali, wanke da ruwan ɗumi da omo, ka lura kada zoben robar da ke bakin ya ɓace, don in ya ɓace za ka san muhimmancinsa. Kafin ka mayar, zura waya mai ɗan ƙarfi da ka lanƙwasa bakinta cikin bututun da ya shiga bango, kana juyawa kana jawowa waje. Jawowa, na ce, ba turawa ba. Sannan ka zagaya bayan gida ka ɗaga murfin cembar da ruwan ke faɗawa, sau da yawa rabin matsalar tana can tana jiranka. Bayan hanya ta buɗe, a nan ne ruwan zafi ke da rana: mai zafi amma ba tafasasshe ba, da sabulun wanke-wanke mai yawa, a zuba sau uku ko huɗu, don sabulun ya riƙe sauran maiƙon ya fita da shi. In kana da robar nan mai kamar ƙoƙo da sanda, toshe ƙaramar ƙofar da ke saman kwamin da jiƙaƙƙen tsumma kafin ka fara dannawa, in ba haka ba iska kawai kake bugawa.

Masu gidan gargajiya da ke murmushi don su rariya gare su ba bututu ba, kada ku yi saurin dariya. Naku kitsen yana fita ne ya kwanta a kwatar ƙofar gida, ya kama yashi da leda, ruwa ya tsaya, sauro ya tare, maƙwabci ya daina amsa sallama da fara'a. Da zamanin duba-gari ne da tuni an yi muku tara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mahaifiyata da na ba ta labari. Ba ta tausaya mini ko kaɗan ba. Ta ce, "Kakide kuke zubarwa? A kwata?" Su a wurinsu kakide dukiya ne. A tace shi a kwano a rufe, a riƙa ɗiba ana sa wa wake da shinkafa, ana shafa wa faso da kaushi in sanyi ya zo. Tukunya kuwa sai an goge ta da toka da dusa kafin ta ga ruwa, a watsa wa kaji su yi biki. Mu da muka yi boko muka sa tayil, mu ne muka koma ciyar da bututu.

Yanzu akwai tsohon gwangwanin madara a gefen murhunmu, duk maiƙon da ba za a ci ba nan yake shiga, in ya daskare a kai bola. Malam mai shakka, na ga har yanzu kana girgiza kai, kana cewa shekara goma kana zubawa ba abin da ya faru. Madalla. Lambar mai gyaran nan tana wurina, kuma ya ce in faɗa maka yanzu kuɗin durƙusawa daban, kuɗin wari daban.