Wasiƙa zuwa ga Alhaji Kwalin Gwajin Sida



Da fatan ka sauka lafiya, duk inda ka sauka ɗin. Kada ka ga na sa maka Alhaji ka ce zolaya ce. A duk faɗin Madarumfa babu wanda ya kai ka ganin duniya. Wasu danginka a Japan aka haife su, wasu a Koriya ta Kudu, kuɗin motarku kuma galibi Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ke biya. Mu kuwa, gwarzon matafiyi a cikinmu shi ne wanda ya kai banda ɗin kifin tafki kasuwar Jibiya ya kwana biyu.

Na san hanya ta yi maka tsauri, ba zan ci zalinka ba. Da, in ta ruwa ka biyo, daga Kwatano sai ka miƙe arewa, ka haye gadar Malanbil, ga ka a Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kamyo-kamyo suka yi jerin gwano a bakin kogi har direbobi suka fara sanin sunan masu tuwon unguwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar ba ta buɗe ba. Sai kaya suka koma Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, su faɗo ta Tera kafin su ga Yamai. Can ma sai ka huta a sito, a ƙirga ka, a buga maka hatimi, sannan ka kamo kwalta: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, sama da kilomita 600.

Duk wannan na yafe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 'yar tazarar da ta rage. Daga Maraɗi zuwa nan, ɗan kabu-kabu kan je ya dawo kafin shayi ya huce. Kai kuwa a nan ne ƙafarka ke ciwo. Balle a ce ka ƙarasa Gabi, ko Safo, ko Sarkin Yamma, ko Ɗan Isa. Dunƙulen Maggi ya san waɗannan garuruwa lungu-lungu, katin waya ma haka, fetur na cikin kwalba kuwa ko rufe iyaka bai hana shi zumunci ba. Babu wanda ya taɓa shirya musu taron bita a otel.

In ka zo ɗin ma, sai ka ce amaryar birni, sharaɗi kan sharaɗi. A jikinka an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30. Alhaji, ka taɓa yin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano a jihar Maraɗi? Arba'in a wurinmu sauƙi ne. Ga ranar mutuwarka a manne a goshi, rabin kwanakin kuma ka cinye su a hanya. Sannan ba ka tafiya a dunƙule. Tsinken gwaji ya iso, allurar huda yatsa ta iso, amma 'yar kwalbar ruwan da ake ɗigawa bayan jini tana can wani kwalin, a wata motar, a wani garin. Manjo, shugaban asibitinmu, ya buɗe ka, ya dube ka, ya mai da ka kan kanta.

Kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ce wa mutum yana ɗauke da cutar sai gwaji iri uku sun yi baki ɗaya. Hukunci ne mai kyau, musamman a ƙasa irin Nijar da masu cutar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To amma in kai babban wa ka zo ka nuna layi biyu cikin minti 15, ƙannenka biyu da za su gaskata ka ko su ƙaryata ka suna can baya, me za a ce wa bawan Allahn da ke zaune kan benci? Ya je gida ya yi barci?

Kullum a rediyo mu ake wa faɗa: mutane ba sa zuwa gwaji, kunya ta yi musu yawa. Gaskiya ne, akwai kunya. Amma ka san abin da ɗalibi ke sha kafin ya tako ƙofarka? Yaron lise, ko na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ya zo hutu, sai ya auna lokacin da gwaggonsa ba ta layin awo, ya shirya ƙaryar ciwon kai da zai yi in an gan shi, ya tattara ɗan ƙarfin zuciyar da yake da shi. Sai a ce masa kayan sun yanke, ya dawo mako mai zuwa. Wannan ƙarfin zuciyar sau ɗaya yake zuwa. Mai ciki kuwa watanninta ba sa jiran oda. In tana da cutar ba a sani ba, cikin jarirai ɗari, 15 zuwa 45 na iya ɗauka. In an gano an ɗora ta kan magani, ba su kai biyar ba.

Bari in tsegunta maka labarin maƙwabciyarka a sito, Hajiya misoprostol. A hannun ungozoma baiwar Allah ce, tana tsai da zubar jini bayan haihuwa, ta ceci mata da yawa a ƙasar nan. Sai dai ita tana da hanya ta biyu, wadda ba takarda ba hatimi. Sunanta na yawo a wayoyin 'yan makaranta, daga ƙawa zuwa ƙawa, a matsayin mai kawar da ciki. Abin da ba ya yawo tare da sunan shi ne dokar 2006, wadda ba ta yarda a zubar ba sai in cikin na barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko ɗan tayin na da mummunar cuta, shi ma a hannun likita. Ba a kuma gaya musu ƙwayar da ta sha rana da laima kan lalace, ko cewa jinin da ya ƙi tsayawa na asibiti ne, ba na ɗaki a kulle ba. Yarinyar da ta kai ga neman Hajiya, ai tun kafin nan take da buƙatarka. Hajiya ta same ta har ɗaki, kai kana jiran sa hannu.

Za ka ce ba a kira ka ba, rahoton wata bai iso kan lokaci ba, wanda bai faɗi nawa ya ci ba kuma ba a ƙara masa. Da gaskiyarka. Sai dai mai cika takardar shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa da dare, shi ne mai neman inda waya ke kamawa.

Roƙona kaɗan ne. In za ka taso, ku taso gaba ɗaya, kai da ƙannenka da 'yar kwalbar nan, a mota guda. Ka zo cikin sanyin hunturu, da sauran kwana a goshinka. Ka kuma riƙo mana autanku, wanda ake shafawa a dasashi mutum ya duba kansa a ɓoye; tun 2016 aka amince da shi, 'yan makarantarmu da yawa ko hotonsa ba su gani ba. Masauki kuwa kada ka damu, mun ware maka ɗakin da ya fi kowanne inuwa, na manjo ne, ya ce shi zai koma ƙarƙashin dogon yaro.

Naka,
Wani mazaunin bakin tafki, Madarumfa