Taron Gindin Bedi

A Amurka an daɗe da gama magana kan motar ƴan makaranta. Tun 1939 aka yi taro a birnin New York, ƙarƙashin wani malamin jami'a mai suna Frank Cyr, aka tsayar da cewa launinta ruwan ɗorawa ne, don a hango ta daga nesa ko da gari bai gama wayewa ba. Tana da makanikenta, tana da takardar da ake cikewa kafin ta fita. A Gidan Sori kuwa, da sauran ƙauyukan ƙasar Gidan Rumji, motar ƴan makaranta ƙafa ce. Mai gata a ɗora shi a amalanke, ko wansa ya goya shi a babur. Bas na ɗalibai sai an shiga Maraɗi, wajen ƴan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Amma akwai ranakun da yaranmu ke shiga mota: farkon Oktoba in za a koma kwaleji a Tsibiri ko Gidan Rumji, lokacin jarrabawar BEPC, ranar ƙwallo tsakanin makarantu, da bayan girbi in malam ya kwashi almajiransa za a yi gabas. Motar da ke ɗaukarsu ita ce dai Hiace ɗin nan da ta kai awaki kasuwa jiya. Mai kula da lafiyarta yana gindin bedi a bakin kwalta, da akwatin sifanu da tsohon kwalin da yake shimfiɗawa in zai shiga ƙarƙashinta. Ƙarfe na ba shi wahala, amma bai kai mutane ba.

Mai yin sammako shi ne direban "ɗan taɓa mini". Ba ya kashe mota in ya tsaya, don ya san in ta mutu sai an tara majiya ƙarfi. "Maigida, ba wani abu ba ne, ɗan taɓa mini ita kawai, fasinja na jira." A tambaye shi me ke damunta, sai ya gyara tsayuwa ya kwaikwayi kukanta da baki: in ta hau tudu ƙurrr, in ta gangaro kaf-kaf-kaf, in ta shiga rairayi sai ta yi shiru tana tunani. Sai an ɗaga kujerar gaba an leƙa injin ake ganin iyakar "ba wani abu ba". Fanbel ya zama zare. Lagireto na yoyo, an zuba masa garin barkono don ya toshe, barkonon ya toshe yoyon ya haɗa da hanyar ruwan. Ruwan rijiyar da ake ɗura masa kullum ya bar farin dafi a ciki. Matatar iska kuma tun hunturun bara take shan ƙura, ba a ko kakkaɓe ta ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura 40, irin wannan injin ba ya kai Gazawa bai tafasa ba. Akwai wata ƴar fitila ja a gaban direba da aka yi ta musamman don ta faɗa masa haka. Ya manna mata sitika, wai tana dame shi da dare.

Shi direba ba shi da ta cewa kan kuɗi. Sai an buga wa Alhaji waya.

Alhaji mai mota mutum ne mai kyauta. Ya gina masallaci, yana raba hatsi da azumi, in ana biki shi ake fara kai wa goro. Amma a ce masa takalmin birki ya cinye, nan take muryarsa ke canzawa. "Duka huɗun? Ba a iya juya su? To a sa biyu, sauran a lallaɓa zuwa kaka." Ya san kayan mota kashi uku ne: sabo na kamfani, wanda ba ya ko tambayar kuɗinsa, ɗan Baljiyam, wanda Bature ya ci rabinsa ya bar mana saura, da sabo mai ƙyalli a kwali mai kyau, wanda ke mutuwa kafin a cinye ragon suna. Na ukun yake zaɓa, sannan ya nemi ragi. In makanike ya ce, "Ranka ya daɗe, yara za ta ɗauka," sai ya ce ai yara ba su da nauyi.

A nan gardama ke tsawo, domin kowannensu na da hujja a aljihu. Da yawa daga cikin kayan gyaran da ke yawo a ƙasar nan ta kudu suke shigowa, daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, su bi Katsina da Jibiya, su faɗo ta Ɗan Isa. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Kaya sun yi tsada da gaske a lokacin. Sai dai iyakar ta buɗe, amma a bakin wasu makanikai har yau a rufe take. Alhaji kuma, da ya ji naira ta faɗi, sai ya ɗauka komai na Kano kyauta ake rabawa. Jika goma ake fara kira, a sauko shida, a rantse, a kashe waya, a sake kira. Abin da nake jin haushi shi ne inda ragin ke faɗawa. Ba a taɓa rage kuɗin fenti ba, ko na rubutun bayan mota. Kullum a birki ake ragewa. Akwai ma masu zuba ruwan Omo a madadin man birki, su ce ai yana ci. Yana ci a tasha. In ƙafa ta yi zafi a kan hanya sai ruwan ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, saniya kuwa tana tsakiyar titi ba ta da labari.

Duk wannan ciniki a kunnen injiniyan benci ake yinsa. Kowane gareji na da nasa. Dattijo ne, ba shi da mota, ba shi da babur, ba a taɓa ganin baƙin mai a rigarsa ba. Ya dai taɓa yin karen mota a hanyar Agadas zamanin Shugaba Kunce, kuma tun daga lokacin ilimin mota ya tsaya a wurinsa. Kowace cuta sunanta ɗaya: "Kafireto ne." A ce masa, "Baba, wannan ai mai shan gazuwal ce, ba ta da kafireto," sai ya girgiza kai ya ce to ka ji matsalar ke nan. A ganinsa tun da aka bar yin Fijo 504 aka bar yin mota. In gyara ya yi kyau, shi ya faɗa tun farko. In ya ɓaci, shi ya hana ba a ji ba. Ba a korarsa, don shi ke tsaron sifanu in an tafi salla, kuma shi ya san wanda ya ci bashin gareji tun shekaru bakwai.

Can gefe mai sayar da mai a kwalba ke zaune, yana rantsuwa cewa nasa tas yake. Matatar SORAZ ta Damagaram na aiki tun 2011, Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kasuwar ta juya ta sake juyawa, shi dai rantsuwarsa ba ta motsa ba. In an kwance matatar mai an zazzago ruwa da yashi a gabansa, sai ya ce na wancan mai teburin ne.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mushe, shugaban makaranta. Ya zo da jaka a hammata, da jerin sunayen ɗalibai, da kuɗin da iyaye suka tara ɗari-ɗari. Gobe da safe ake shiga jarrabawa, motar da ya yi haya kuma ga ta a kan duwatsu, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya tambayi yaushe za a gama, makanike ya ce bayan La'asar in sha Allahu. Mushe ya duba agogo ya ce, "Ƙarfe nawa ke nan?" Nan suka rabu, domin ba da agogo ɗaya suke aiki ba: bayan La'asar ɗin gareji yana kaiwa har Isha'i. Sannan yana son rasiɗi, da hatimi, saboda kwamitin iyaye zai tambaye shi. A yago bayan kwalin fulogi a rubuta masa, a dangwala babban yatsa mai baƙin mai. Shi kaɗai ne a wurin ya ƙirga kujeru ya ga 19, ya ƙirga yaransa ya ga sun haura haka nesa. Direba ya kwantar masa da hankali cewa ƴan makaranta na lanƙwasuwa. Sifirin ɗin baya kuwa ba ya lanƙwasuwa sai sau ɗaya.

Yaron gareji ba ya magana, sai aika. Shi ke zuƙo mai da tiyo ya tofar, shi ke wanke noti a kwano, shi ake zagi in sifana mai lamba 10 ta ɓace, kuma kullum sai ta ɓace. In an gama ɗaure injin aka ga noti biyu sun yi saura, shi ke saka su aljihu da sauri kafin mai mota ya waiwayo. Da yawansu daga aji suka fito zuwa nan. Wataƙila motar da yake gyarawa tsofaffin ƴan ajinsa za ta kai jarrabawa.

Kada makanikai su ga na tsallake su. A cikinsu akwai mai gaisuwa ɗaya: ya leƙa injin, ya ja tsaki, ya ce, "Wa ya taɓa maka motar nan? Ya kashe ka." Sau da yawa shi ne, watan jiya. Akwai Malam Gobe, wanda harabarsa ta cika da motocin da kaji suka yi ƙwai a ciki. Akwai ɗan zamani da ya yi koyo a Maraɗi ko Kano, yana da ƴar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwon mota a fuskar waya. Yana da amfani ƙwarai, sai dai tsofaffin motocin ƙauye ba su da wurin jonawar, haka zai tsaya da igiya a hannu yana neman rami. Sai kuma tsohon hannu, wanda zai kafa sukundireba a jikin injin ya ɗora kunne a ƙotar, ya saurara kamar ungozoma a kan ciki, ya ce bari na uku ne. Irinsa ba ya ciniki a kan birki. In Alhaji ya matsa, sai ya tattara sifanunsa ya ce a kai wani wuri. Shi ya sa ba shi da kuɗi, kuma shi ya sa direbobi ke kai masa motar da iyalinsu za su shiga.

Daga ƙarshe tsohuwa ke zuwa, riƙe da hannun jikanta, da ƙullin ƙuli-ƙuli na guzuri. Ba ta san kafireto ba, ba ta san boda ba. Ta zagaya motar a hankali, ta tsaya kan ƙafafun makanike da suka leƙo daga ƙarƙashi. "Ɗana, in ɗanka ne za ka saka shi?" In ya ce, "Zan saka, Inna," ta yi addu'a ta tafi. In ya ce, "To, Allah dai ya kiyaye," sai ta ja yaron su koma gida, a nemi babur.

Kai da ka iya karatu, kana da abin da za ka ƙara a kan nata. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Taya na tsufa ko ba ta suɗe ba, rana na busar da ita ta tsattsage. Ranar da za ka saka ɗanka a mota, kafin ka biya kuɗin, duƙa ka karanta duka huɗun.