Duban Kundi Tsakanin Abokai, Ko Gyaran Gangar Auzinawa

Duban kundi tsakanin abokai al'ada ce ta ɗaliban ajin ƙarshe a jami'a, inda ɗalibi kan miƙa wa 'yan ajinsu aikinsa su tace kafin ya kai gaban malami mai duba shi. Kundin digirin farko yakan ƙunshi babi 5, daga gabatarwa zuwa kammalawa. Hikimar al'adar ita ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Masu duban kuwa iri 3 ne, kuma mai wannan rubutu ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun kowanne.

Na farko shi ne mai yabo. Alamarsa ita ce yakan dawo da kundi washegari yana cewa, "Wallahi ko farfesa sai haka!" Wanda mai rubutun ya samu ya fi yaba wa babi na 3, alhali a lokacin babin bai wuce kanunsa ba. Shaidar da ta nuna ya buɗe aikin ita ce ɗigon manja a shafi na 2.

Na biyu shi ne mai jan biro, wanda yake ganin shafi mai tsabta cin fuska ne gare shi. Wannan ya bi duk wani "shi ne" ya haɗe shi ya koma "shine", duk da cewa ƙa'idar rubutun Hausa ta raba su. Ya kuma soke karin magana 40 bisa hujjar cewa ba su dace da aikin ilimi ba. Kundin kuwa a kan karin magana yake.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne mai kwamfuta. Yakan karɓi aiki a filashi don ya "gyara tsari". A hannunsa ne ɓ, ɗ da ƙ suka rasa ƙugiyoyinsu a dare ɗaya. Baƙi suka zama baki, faɗa ya zama fada, ƙasa ta kasa. A shafin godiya, malamin da ya ba da ƙwarin gwiwa ya wayi gari yana ba da kwarin gwiwa. Malamin ya ja layi a wurin, ya rubuta a gefe: "Ga kwari, ina baka da kibiya?"

Daga wannan ake fitar da ƙa'idojin aikin. Ana ajiye kwafin asali kafin a ba kowa. Ana ba mai dubawa babi ɗaya da tambaya ɗaya, misali ko hujja ta bi hujja. Gyara shawara ce, mai kundi ke yanke hukunci, domin ranar kare kundi shi kaɗai zai tsaya gaban malamai. Mai wannan rubutu bai ajiye kwafi ba, saboda haka ya shafe mako 2 yana mayar da ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya.