Alƙalan Gona

Da damina ta kankama, wajen watan Agusta, duk wanda ya hau hanyar Kano zuwa Zariya yakan rikiɗe ya zama malamin gona. Gilashin mota a rufe, sanyi na kaɗawa, Alhaji zai leƙa ya yanke hukunci: "Kai, bana sai an ƙara rumbu!" Ka tambaye shi gero ne ko dawa, ya ce maka ai duk hatsi ne. Kore ya gani, shi ke nan, an ci jarrabawa.

Manoman bakin titi ma sun daɗe da gane alƙalan nan. Wani idan ya sayo taki ɗan kwano biyu, kunyoyin da ke kallon kwalta yake fara ɗura wa. Daga gaba masara har baƙi-baƙi take yi don ƙoshi. Kutsa ciki kaɗan ka tarar da 'yan uwanta sun yi rawaya, suna jiran rabon baɗi. Amma ai ba mai tsayawa ya kutsa.

Mai tsayawa ita ce Hajiya, kuma ba don hatsi ba. Ta hango wasu furanni masu ruwan hoda sun yi layi a gindin dawa, ta sa direba ya taka birki.

"Sannu da aiki, Baba. Ina ake samun irin fulawar nan?"

"Hajiya, kwashe duka, kyauta. Idan ba ta isa ba, akwai a gonar ƙanena."

Abin da ta ɗauka hoto ta ɗora a Facebook wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take maƙale wa saiwar dawa ko gero tana zuƙe ruwa da abinci, kafin ta fito ta yi wannan kwalliya ta riga ta gama aika-aika. Tsiro guda kan zubar da iri dubbai, irin kuma ya kwanta a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran wanda zai sake shuka. Ƙawayen Hajiya dai sun yi ta rubuta "Masha Allah", mai gona yana ta salati.

Kada mutanen ƙauye su yi dariya da yawa, don su ma suna da kotunsu, kuma ta fi ta birni tsanani. A can, gona mai kyau ita ce wadda aka share tas kamar tsakar gidan amarya, ba kututture, ba toho, kunya a miƙe. Wanda ya bar 'yan itatuwa rago ne, kuma za a tuna masa ranar da ya je neman aure.

A jihar Maraɗi an ga ƙarshen wannan shari'a. Wajen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace bazara tohon tsofaffin itatuwa ne masu rai a ƙasa. Ya ce a riƙa barin reshe kaɗan a kowane kututture ana yi masa aski. Waɗanda suka fara yarda sun sha gori, wai gonarsu ƙazama ce. Sai ga ƙazamar gona tana tare iska, yashi ya daina binne shuka, ga itacen girki, ga abincin awaki. Gawo kuwa, da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki, ya cika ƙasar Damagaram. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar.

Masu gorin fa? Suna nan da ransu. Idan baƙi suka zo ganin gonaki, su ne a sahun gaba da sanda a hannu, suna nuna itatuwa suna cewa, "Ai tun farko mu muka ce a bar su."