Yadda Za Ka Kayar Da Ɗan Boko Da Harafi Biyu

Kowace majalisa tana da shi: mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya jawo kalmar Turanci mai tsawon kamu biyar. Ranar da aka shimfiɗa allon Scrabble za ka ga ya gyara zama, ya ture hula gaban goshi, kamar an zo raba gadon gidansu. To, ɗan'uwa, matso kusa ka ji yadda za ka sa shi neman ruwan sha.

Fara da sanin filin daga. Allon gida 225 ne, jakar kuma haruffa 100, kowa ya ɗebi bakwai. Alfred Butts, wani mai zanen gine-gine a Amurka, shi ya ƙago wasan a 1938, ya raba maki gwargwadon yawan fitowar kowane harafi a Turanci. Shi ya sa E ta cika jaka har guda 12 amma makinta 1, ita kuwa Q da Z ɗaya-ɗaya ne, kowacce maki 10.

Shawara ta farko: ba a raina allura, ƙarfe ce. Ƙamus ɗin Collins, wanda ake gasa da shi a Najeriya, yana da kalmomi masu harafi biyu sama da 120. Haddace su kamar yadda ka haddace lambar wayar mai bin ka bashi. XU ƙaramin kuɗin ƙasar Biyetnam ne. JO masoyiya ce a bakin mutanen Sikotilan. ZO wata saniyar Tibet ce. AA dutse ne mai kaushi da aman wuta ya bari. QI kuwa, a wajen Sinawa, ƙarfin rai ne da ke zagaya jiki, kuma a kan allo maki 11 ne tun kafin ta taka gida mai ninki. Sai dai kada ka wahalar da kanka neman ta V: babu ko ɗaya. V ba ta fita sai da rakiya, kamar amarya.

Ta biyu: tuna allon da ka fara riƙewa. Ɗan boko idan ya zaro Q babu U sai gumi ya keto masa, don an koya masa cewa ba sa rabuwa. Kai kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. QADI alƙali ne, maki 14. QIBLA alƙibla ce, maki 16. NIQAB niƙabi ne, shi ma 16. ZAKAT zakka ce, maki 18. Duk ƙamus ya karɓe su, kuma kai ka san ma'anarsu tun kana gaban malam da tawada a hannu. HAJJ ma tana ciki, sai dai J ɗaya ce tak a jaka, dole ka haɗa da farin ɗan wasan nan marar rubutu da ke zama kowane harafi. Ko a kan allo, hajji sai da guzuri. In aljihunka ka duba, NAIRA da KOBO duk sun halatta.

Ta uku: S zinariya ce. Huɗu ne kawai a jaka. Ka jira ɗan boko ya gama zufa ya jera kalmarsa, sai ka manna mata S a wutsiya, ka gina taka daga nan, ka kwashe makin biyun. Shi ya yi noma, kai ka yi girbi. Ka yi masa sannu da aiki, ladabi ba ya ɓaci.

Ta huɗu: koyi juya haruffa kamar yadda mai waina ke juya tanda. Wanda ya zubar da haruffansa bakwai a lokaci guda yana samun ƙarin maki 50. Riƙe A, E, I, N, R, S da T, domin su kaɗai suna ba ka RETAINS, da NASTIER, da RETINAS, da STAINER. Idan ɗaya ba ta samu gida ba, ƙanwarta za ta samu.

Ta biyar: daure fuska. Idan ka ajiye ZO zai ce ba Turanci ba ne. Kada ka yi musu, miƙa masa ƙamus da hannu biyu. Amma ka kiyayi ƙirƙira, domin kalmar da aka kama babu ita a ƙamus ɗebe ta ake yi, ka tashi a tutar babu. Sunan mutum ko na gari ma ba ya shiga, ko da garin kakanka ne.

Za ka ji ana cewa ma'ana ba dole ba ce. Hujjarsu Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan da ya ci gasar Scrabble ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin kawai ya haddace cikin makonni tara. Irin wannan kai baiwa ce, ba a sayen sa a Kantin Kwari. Kai dai ɗaure kowace kalma da ma'anarta, yadda ake ɗaure akuya a turke. Wanda ya san ZO saniya ce ba zai manta ta ba, kuma idan gardama ta kaure, ma'anar ce ke rufe bakin majalisa.

Kada ka ce wasan na masu harshen ne. A waccan shekarar ta 2015, a birnin Perth na Ostireliya, Wellington Jighere ɗan Najeriya ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambun duniya. Da harshen mutum ya kayar da shi.

Saboda haka yau da dare, bayan isha, sayi ɗan littafi ka rubuta kalmomi biyar da ma'anarsu. Gobe ka ƙara biyar. Ranar da ka ɗora QIBLA a kan gida mai ninki uku, ɗan boko ya tambaye ka ma'anarta, kada ka ce uffan. Nuna masa gabas.