Gobe Za Mu Koma Linux

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu buga wasa a kwamfuta ke rantsuwa cewa gobe za su tattara nasu-ya-nasu su koma Linux. Goben tasu kuwa irin ta mai cin bashi ce. Hanya dai ta gyaru: tun 2018 da kamfanin Valve ya fito da manhajar Proton, dubban wasannin Windows na tashi a Linux lafiya lau. Amma da zarar gogan naka ya ji wasannin Valorant da Fortnite ba sa shiga, saboda manhajarsu ta kama 'yan maguɗi, sai jikinsa ya yi sanyi. Da rana ya zagi Windows 11 tas, da dare ya sabunta ta, ya kwana yana harbi.